Shekarar da Muka Daina Ganin Haladu

Ku 'ya'yana da jikokina, na san labarin da ake ba ku game da ni da Haladu, na kuma san yana yi muku daɗi, don na sha ganin yadda kuke gyara zama idan wani tsoho ya ɗauko zancen a wurin suna ko zaman makoki. Ni ma ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Amma yanzu hannuna ba ya iya riƙe aska, kuma duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga ni gidan gaskiya. Don haka ku ajiye wayoyin nan naku ku karanta wannan da kyau, ko da yake rubutun wanzami ne ba na malami ba.

A lokacin ina neman shekara talatin. Mahaifina Garba, wanzamin garinmu da ke tsakanin Ajingi da Balan, ya yi shekara huɗu da rasuwa, ni na gaji zabirarsa da inuwar ceɗiyar da yake zama. Duk ranar Juma'a da hantsi maza sukan jeru a kan tabarma ina yi musu aski ɗaya bayan ɗaya, kafin mu kama hanyar Ajingi salla. Haladu kuwa tsarana ne, rana ɗaya babana ya yi mana kaciya, a rumfa ɗaya muka yi jinya. Manomin gyaɗa ne, dogo mai wushirya, ga dariya kamar me. Aibinsa ɗaya, bai iya ƙarya ba, ko ta wasa.

Zamanin jam'iyyu ne, kafin soja su karɓi mulki. Garinmu ya rabu biyu, masu bin jam'iyyar sarakuna da masu bin ta talakawa, har ta kai wani ba ya cin yankan wani. Su ma 'yan jam'iyyar talakawan ba bakinsu ɗaya ba, samari na cewa dattawa matsorata ne, dattawa na cewa samari za su jawo wa gari wuta. Ana haka wasu samari bakwai suka yi taro a wani zaure ba tare da takardar izini ba, 'yan doka suka zo suka tafi da su. Gidan Haladu na kallon zauren, sai aka kira shi shaida. Aka sa ya yi alwala, aka ɗora masa hannu a kan Alƙur'ani, aka ce wa ka gani. Ya lissafa su kaf, har da biyu 'ya'yan manyan jam'iyyar sarakuna da suka je jin ƙwaƙwaf kawai. Aka ɗaure su duka bakwai. Ranar ce karon farko a shekaru da na ga mutanen ɓangarorin nan sun zauna a tabarma ɗaya, kuma abin da ya haɗa su shi ne yadda za a yi da Haladu.

Samari suka ce a cinna wa rumbunsa wuta. Dattawa suka ce a bar shi da Allah. Aka yi ta cacar baki tun bayan La'asar, har Baba Kofur Inuwa ya yi gyaran murya. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma, bayan an gama yaƙi kuma aka ajiye su wata da watanni a ƙasar Indiya suna jiran jirgin ruwa. Ba mai magana ba ne, shi ya sa in ya buɗe baki ake yin tsit. Ya ce mutanen Indiya da muke ji sun kori Bature, kada mu zaci kansu a haɗe yake. Akwai mabiyan wani tsoho mai yawo da mayafi ɗaya da sanda, waɗanda suka ce ko an fasa maka kai kada ka rama. Akwai samarin da suka ce tsohon ya cika sanyi, su suna tone hanyar jirgin ƙasa suna yanke wayoyi. Akwai Musulmi da nasu shugaban suna neman a yanka musu ƙasa daban, akwai kuma Musulmin da suka ce ba su yarda a raba ba. Akwai ma waɗanda suka bi Japan suka ɗauki bindiga, shi da kansa ya yi gadin wasunsu da aka kamo. Masu aikin masaƙa da na tashar jirgin ruwa su ma da tasu tuta. Kowa na ganin laifin kowa. Amma in aka sa rana aka ce yau a rufe gari, sai ka ga an ɗaure tutoci uku a sanda ɗaya, kuma ba mai fita.

"Mun shiga birni da rana tsaka, birnin da ya ninka Kano ban san sau nawa ba," in ji shi. "Ba shago a buɗe, ba mai keke, ba mai talla. Mutane na zaune a ƙofar gidajensu, ba wanda ya zage mu, ba wanda ya jefe mu. Akwai mai shayin da nake zuwa wurinsa kullum, har ya koya mini ƙirga da yarensu. Na tsaya a gabansa na gaishe shi, sai ya dubi bangon da ke bayana. Wallahi sai da na shafa ƙirjina in ji ko ina nan."

Ya ƙara da cewa a ƙauyukansu, in mutum ya ba Bature haɗin kai, ba a taɓa shi. Wanzami ne kawai zai daina yi masa aski, mai wanki ya daina karɓar kayansa, mai ruwa ya wuce ƙofarsa. Ba jini, ba ƙara, alƙali ba shi da wanda zai kama. Kai, sai ka ga fuskoki sun washe. Samari sun sami ramuwa, dattawa sun sami abin da ba wuta a ciki, 'yan jam'iyyar sarakuna sun sami hanyar huce haushi ba tare da sun saɓa wa hukuma ba. Liman ne kaɗai ya ce addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma amsa sallama wajibi ne. Nan wani mai wayon banza, wanda karatunsa bai kai ko'ina ba, ya ce ai da sauƙi: kowane mutum yana tare da mala'iku biyu a kafaɗunsa, in Haladu ya yi sallama sai a amsa musu su, a bar shi. Aka yi dariya, aka ce shi ke nan. Liman ya girgiza kai ya shige gida, amma ɗan ƙanensa na cikin bakwai ɗin nan, shi ya sa bai matsa ba. Ni ma ina wurin, kuma da aka juyo aka ce Sale, kai ne wanzami, ka ji dai, cewa na yi na ji.

Ba za ku gane yadda abin yake ba sai kun gani. Haladu zai taho ya ce salamu alaikum, mutum goma su amsa masa da murya ɗaya, cikin ladabi, idanunsu duka a kan iskar da ke saman kafaɗarsa. Da farko yakan waiga ya ga ko wani ne a bayansa. In ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sarari. In ya shiga sahu, sai a bar taku ɗaya dama da hagunsa. Ranar gayya aka bi gonaki aka tsallake tasa. Matarsa Mairo ta jure wata biyu, mata na tsallake tulunta a bakin rijiya, daga bisani ta kwashi yara ta koma gidansu a Balan. Yaran gari ma, da ba a hana su komai su hanu, wannan sun iya shi fiye da manya. Na ga sun ci gaba da wasan langa yana ratsawa ta tsakiyarsu, ko ɗaya bai kauce ba, shi ne ya riƙa kaucewa.

Duk Juma'a yakan zo ƙarƙashin ceɗiya ya zauna a layi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. In layi ya zo kansa sai in kira na bayansa. Haka zai zauna har in wanke aska in naɗe tabarma, sannan ya mayar da hularsa ya ce, to Sale, sai wata Juma'ar. Ba zagi, ba roƙo. Da ma zagina ya yi, da na sami abin riƙewa. Damina ta wuce, aka shiga cirar gyaɗa, sumarsa ta yi buzu-buzu har hula ta daina zama. Ku 'yan yanzu da kuke tara gashi kuna jin kun yi ado ba za ku san nauyin wannan ba. A lokacinmu magidanci ba ya yawo da irin wannan kai sai in hankalinsa ya taɓu, kuma kowa ya san aikin wa ne ya hana hakan.

Wajen kaka aka fara jin yana magana a gonarsa. Masu wucewa suka ce gaisuwa yake yi, yana kiran sunaye, yana dakatawa kamar mai sauraron amsa, sannan ya yi dariyar nan tasa. Da aka kasa kunne, sai aka ji duk sunayen na waɗanda muka riga muka binne ne. Ba wanda ya iya tambayarsa, tunda mun ce ba ma ganinsa. Wata Juma'a ina tsakiyar yi wa wani aski, sai na ji ya yi magana a bayana, a hankali, fuskarsa na duban gindin ceɗiyar inda ba kowa.

"Baba Garba, ina kwana. Ka ga ɗan naka? Hannunsa ya fi naka sauri, amma naka ya fi sanyi."

Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, ya ce to, Allah ya kai mu. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yanki kunnen mutum.

Juma'ar da ta biyo ya zo kamar kullum, ya zauna, ya cire hula. Kansa ƙwal kwabo, yana ƙyalli. Layin nan gaba ɗaya, mutanen da suka yi wata biyar suna duban iska, suka zuba masa ido. Ni kuwa ƙeyarsa na duba, don wanzami yana gane hannu kamar yadda malami ke gane rubutu. Babana bahago ne. Askin bahago daga hagu yake tasowa, kuma shi yana da wani lanƙwaso da yake yi a bayan kunne wanda na yi shekaru ina koyo ban iya ba. Shi na gani a kan Haladu, ba ƙwarzane ko ɗaya. Mutum ba ya yi wa kansa irin wannan da aska. Wanzaman Ajingi da na Balan an riga an aika musu kada su taɓa shi, kuma Haladu bai bar gari ba a makon nan, don duk rashin ganin namu, ba wanda ake sa wa ido kamarsa. Na ce wa mutane kaina na ciwo, na tattara na tafi gida.

Kafin in kai gida labari ya riga ni, wai ni na yi askin. Na tarar da uwarku Asabe tana ta fara'a, ta dama mini fura da nono mai kauri, ta ce ita da ma ta san ba zan iya ba, ta san zuciyata. Na ce mata ba ni ba ne. Ta yi dariya, ta ce ko ita ma zan ɓoye wa. Da na rantse mata, sai fara'ar ta ɗauke, ta zauna a kan turmi. A nan aka yi sallama aka ce ana nemana a ƙofar liman bayan La'asar.

"Malam, ka ce kai ne," in ji ta.

Na ce ƙarya take so in yi? Na ce in na ce ni ne, gobe mu za a daina gani, ba aski, ba suna, ba kaciya, ba ƙaho, ga ta da ciki, ga Abba yana rarrafe, me za mu ci.

"To kada ka ce kai ne. Ka ce musu da ya kamata a ce kai ne."

Na daka mata tsawa na ce mata ba su san sha'anin gari ba. Allah ya jiƙan Asabe, ba ta sake ɗaga zancen ba har ta bar duniya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan da ta yi ta gori.

Gari ya taru. Samari na huci, suna cewa in an fara karya magana ta wurin wanzami, gobe mai nama ne, jibi kowa. Aka sa na yi alwala, aka kawo Alƙur'ani. Haladu na tsaye a gefen taro, shi kaɗai a fili, da hularsa a hannu. Abin da aka nema daga gare ni kaɗan ne, in ce ban yi masa aski ba. Amma tsoro ya kama bakina ya ƙi tsayawa. Na ɗora hannu na ce ban taɓa kansa ba tun ranar da aka yanke magana, ban yi masa magana ba, ban amsa masa ba, ban taka gidansa ba, ko ruwa ban miƙa masa ba. Duk gaskiya ne, ba kalma ɗaya ta ƙarya, shi ya sa ba abin da ya same ni. Aka ce madalla da Sale. Ku duba fa, abin da Haladu ya yi aka binne shi da ransa, faɗin gaskiya a kan Littafi, shi na yi aka shi mini albarka. Ban dube shi ba. Na dai ji takunsa yana tafiya, kuma bai sake zuwa ƙarƙashin ceɗiya ba.

Na so ƙwarai a ce Baba Kofur ne ya yi askin, don ko ba komai mutum ne mai rai. Da ya zo aski na tambaye shi a kunne. Ya ɗago hannuwansa biyu ya nuna mini, suna karkarwa kamar ganye, ya ce da waɗannan? Sannan ya ce akwai abin da bai faɗa ba ranar, don ya ga labarin ya yi mana daɗi. Tun kafin jirginsu ya taso, mutanen nan da suka ɗaure tutoci a sanda ɗaya sun fara juya wa juna irin wannan kallon, maƙwabci ya dubi bangon da ke bayan maƙwabcinsa, kuma daga baya ya ji a rediyo yadda suka yi ta karkashe juna. Ya ce su don Bature suka ƙirƙiro abin, mai bindiga da jirgi, wanda yake da ƙasar komawa. Mu kuwa muka ɗauko muka ɗora a kan mai fartanya ɗaya da ba shi da inda za shi. Na ce to ya fito ya faɗa wa gari mana. Ya ce shi ma tsoro yake ji.

Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce an janye. Soja suka karɓi mulki, aka soke jam'iyyu, samarin nan suka dawo gida, wasu ma har sun yi ƙiba. Mutane suka fara gaida Haladu a kaikaice, kamar ba a yi komai ba, Mairo ta dawo da yara. Wata safiya na rataya zabira na je gidansa na yi sallama. Ya fito da fara'a, ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi Asabe da yara, ya sa aka kawo mini ruwa. Da na fara kwance zabira sai ya ce in bar shi, yana da wanzami. Shekara takwas ya ƙara a duniya, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, ni nake yi wa 'ya'yansa aski. Shi kuwa duk Juma'a kansa fes yake, da lanƙwason nan a bayan kunne. Na tambayi Mairo, ta ce ita dai yakan tafi gona da sassafe ya dawo a haka, kuma ta roƙe ni kada in ƙara tambayarta.

Labarin da kuka sani daga bakinsa ya fito. Shi ya kira yayanku Abba, yana ɗan shekara bakwai, ya ce masa babanka ne ya yi mini aski lokacin da gari ya ƙi ni. Mutumin da bai taɓa ƙarya ba, kowa ya yarda. Har aka riƙa cewa Sale ya sayar da rantsuwarsa don amininsa, namiji ke nan. Ban musa ba, na karɓi yabon. Na san me ya sa ya faɗa, ba ya son yaro ya taso ya ji ɗayan labarin, kuma ni ne na sa Haladu ya yi ƙaryarsa ta farko.

A shekarun fari ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura. Na je duba shi da hantsi, na tarar da shi a zaure ba hula, suma ta fito masa ta mako uku, duk ta yi furfura. Na ce Haladu, ya na ga kai haka? Ya ce wanzaminsa ne bai zo ba kwana biyu, ya aiko cewa wannan karon shi Haladu ne zai je wurinsa. Na jawo zabira, na fito da aska, na ce don girman Allah ya bar ni in yi masa ko sau ɗaya. Ya riƙe wuyan hannuna. Ba ƙarfi a riƙon, ba fushi a fuskarsa, duban idona yake yi sosai.

"Bari, Sale. Kada ya ga na canja hannu."

Ya cika ranar Laraba. Na san hukunci, ba a yi wa mamaci aski, amma sai da na tambayi liman, ya ce a'a. Ni da ƙanen Mairo muka yi masa wanka. Da aka zo kan kai, na ce a bar mini. Na zuba ruwa, na cusa yatsuna cikin sumar nan na wanke ta sau uku, muka sa shi a likkafani da ita.